Daga Hubbare Zuwa Bakin Iyakar Illela

Gayyatar ɗaurin aure ce ta kai ni Sakkwato a tsakiyar hunturu. Wani abokina da muka yi karatu tare a Zariya, wanda ya daɗe yana koyarwa a birnin Shehu, zai aurar da 'yarsa ta fari ga wani saurayi ɗan Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, ya kuma gaya mini tun da wuri cewa ba zai karɓi uzuri ta waya ba. Mun tashi daga tasha ana idar da sallar Asuba, domin a 'yan shekarun nan babu direban da yake son yamma ta riske shi tsakanin Funtuwa da Gusau. Ba a yi wata hira a motar ba sai da muka wuce Talatar Mafara, inda kowa ya saki jiki, aka fara miƙa wa juna dabino da gyaɗa. A nan na fahimci cewa cikin mutanen da ke tare da ni akwai wata 'yar bautar ƙasa daga Kudu da za ta koma wurin aikinta, da wani ɗan cirani da ya fito daga Legas zai wuce garinsu a jihar Tawa, da wani Bayarabe mai sayar da magunguna wanda ya fi mu duka sanin ramukan hanyar. Da muka bar Tureta muka nufi Dange da Shuni, shi ne ya riƙa nuna wa yarinyar garuruwa yana faɗa mata sunayensu da irin abin da ake nomawa a kowanne.

Gidan mai masaukina yana cikin tsohon gari, inda lunguna suke da ƙunci har ɗan kabukabu yakan tsaya ya bai wa mai tura ruwa hanya. Kafin in ajiye jaka aka kai ni ɗakin mahaifiyarsa in yi gaisuwa. Tsohuwa ce mai yawan barkwanci, tana zaune a kan tabarma da kaskon wuta a gabanta, jikoki sun kewaye ta. Da na yi mata murna, na ce amma an kai mana 'ya nesa har wata ƙasa, sai ta dube ni ta yi dariya ta ce, “Wace ƙasa, ɗana? Ni da kag gani can Adar anka haihe ni, ina 'yar ƙanƙanuwa munka zaka garin ga. Gida za ta koma.” Wannan magana tata ta sa na fara lura da sunayen shiyoyin garin, waɗanda a da nake jin su ba tare da na tsaya a kansu ba. Akwai mazaɓu masu ɗauke da sunan Sarkin Adar, akwai na Sarkin Zamfara, akwai shiyar Nufawa, ga kuma Maƙerar Assada da sauran shiyoyin masu sana'a. Wanda ya bi waɗannan sunaye a hankali zai gane cewa kusan kowace jama'a da ke cikin birnin tana da inda ta fito, kuma ba a ɓoye wannan asali ba, a jikin unguwar aka bar shi. Mai shayin da ke ƙofar gidan Bazabarme ne, mai gadin shagunan bakin titi Buzu ne da rawaninsa da ɗan butar shayinsa, kuma duk wanda na tambaya yakan ambaci garinsu kai tsaye ba tare da wata fargaba ba.

Washegari da hantsi muka tafi Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake. Tun daga bakin ƙofa ake tuɓe takalmi, mabarata suna jere a gindin bango, masu sayar da carbi da turare da littattafan addini suna kiran masu wucewa. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne wata tawagar mata, galibinsu tsofaffi, da suka sauka daga bayan wata motar ɗaukar kaya, ƙura ta yi musu fari har gira, kowace da ƙullin hatsi ko ƙwarya a ka. Na ji suna magana da Hausar da take gauraye da kalmomin Faransanci, sai na tambayi jagoransu, ya ce daga wajen Madawa suka fito, kuma iyayensu ma haka suka riƙa zuwa. A gefe guda wasu Fulani dogaye suna hira da Fulatancin da mai masaukina ya ce ba na wannan yanki ba ne, ya fi kama da na ƙasar Mali. Babu wanda ya tambaye su takarda a wannan ƙofa. Mata sun bi ta wajensu, maza ta nasu, aka yi addu'a aka fito. An nuna mini wajen da kabarin Nana Asma'u yake kusa da na mahaifinta Shehu, na kuwa tuna cewa ita ce ta riƙa tura jajis, wato mata malamai, ƙauyuka suna koyar da mata, tana yi musu waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci domin kowa ya samu ta harshen da yake ji. Tsofaffin nan da suka sha ƙura daga Madawa suna kan hanyar da aka share tun zamaninta.

A inuwar bangon Hubbare muka zauna, ni da mai masaukina, muka bi tarihin garin daki-daki, kuma ko'ina muka taɓa sai mu tarar da ƙaura. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga zuriyar Toronkawa yake, waɗanda kakanninsu suka taso daga Futa Toro a ƙasar Senegal ta yau suka zauna a yankin Ƙonni. An haife shi a 1754 a Maratta, wadda a taswirar yau tana cikin Nijar, ya girma a Degel, ya kuma bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Hijirar da ya yi daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804 ita ce mafarin daular baki ɗaya, kuma jama'ar da suka taru a kansa sun haɗa da Fulani da Hausawa da Buzaye. Sakkwato kanta Muhammadu Bello ne ya gina ta a 1809, Shehu bai dawo cikinta daga Sifawa ba sai a 1815, shekara biyu kafin rasuwarsa. Idan aka auna da Kano ko Katsina, wannan sabon gari ne, wanda duk mutanensa na farko daga wani wuri suka zo. Baƙi na nesa ma sun sami wurin zama. Alhaji Umaru Futi, a hanyarsa ta komawa daga Makka, ya yi shekaru a Sakkwato, Sarkin Musulmi Bello ya ba shi auren 'yarsa, a nan kuma aka haifi ɗansa Ahmadu wanda daga baya ya yi sarauta a Segu. Da Faransawa suka karɓe ƙasarsa, Ahmadu bai ga inda zai nufa ba sai ƙasar da aka haife shi, a nan ya ƙare rayuwarsa wajen 1897.

Ba na son in mai da tarihin ya zama kirari, domin ba duk wanda ya shigo birnin ne ya zo da ƙafarsa don son ransa ba. An kawo mutane da yawa a matsayin bayi daga ƙasashen da aka ci da yaƙi, jikokinsu kuma suna cikin garin sun zama 'yan gari, ko da yake ba kasafai ake son tayar da zancen ba. Haka kuma Abdussalami, malamin nan Ba'are da ya bi Shehu tun farko aka zaunar da shi a Kware, ya ƙare da tawaye jim kaɗan bayan rasuwar Shehu saboda yana ganin ba a ba shi rabon da ya dace ba. Tun daga lokacin ke nan ake da tambayar wane ne na ciki, wane ne na gefe.

Mutanen Sakkwato kuma sun ɗanɗana baƙunci a ƙasar wasu. Bayan karon Giginya da Turawan Ingila a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita da jama'a mai yawa ya nufi gabas, aka tare shi a Burmi ya yi shahada a watan Yulin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har suka kai Sudan, suka kafa gari a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, garin da har yau yake amsa sunan Mai Wurno. Bayan su ga fataken goro da suka cika zangunan Gwanja da Kumasi, ga kuma samarin da duk shekara, da zarar an kai amfanin gona rumbu, suke cika motoci zuwa Legas da Ibadan da Fatakwal cirani. Da wuya ka sami gida a wannan yanki da ba shi da wani nasa da yake zaune a matsayin baƙo a wani wuri, kuma ina ganin wannan yana daga cikin abin da ya sa ba su cika ɗaga wa baƙo hanci ba.

Ana gobe ɗaurin aure janareton gidan ya ƙi tashi, sai ƙanin mai masaukina ya ɗauke ni a babur muka je neman abin da ya lalace. Shagon da muka shiga na wani ɗan ƙabilar Ibo ne, mai kimanin shekara hamsin, wanda da na juya baya ina jin muryarsa ba zan taɓa cewa ba Basakkwace ba ne. “Malam, mi kaka bukata?” in ji shi, ya karɓi ƙarfen ya jujjuya, ya tura yaronsa ciki. Kafin yaron ya fito na tambaye shi tun yaushe yake garin, ya ce, “Nan anka haihe ni, nan niy yi makaranta, nan niy yi arme. In na tahi ƙauyenmu Kirsimeti, Bahaushe su ka ce min.” Ya ce mahaifinsa ya bar garin a lokacin rikicin 1966, ya dawo bayan yaƙin basasa ya tarar maƙwabcinsa ya riƙe masa ɗan abin da ya bari. Ranar Lahadi yakan je babban cocin Katolika, inda Bishop Matthew Hassan Kukah, mutumin Kudancin Kaduna, yake jagoranci tun 2011. Bai ɓoye mini cewa akwai ranakun tsoro ba. Ya ambaci tarzomar da ta biyo bayan kisan wata ɗaliba a watan Mayun 2022, lokacin da aka sa dokar hana fita, ya ce ya rufe shago ya kwana da iyalinsa a gidan wani Alhaji abokin cinikinsa. Amma abin da ya fi ci masa rai a yau da kullum shi ne maganar takardar shaidar ɗan asalin jiha. Ɗansa da aka haifa a Sakkwato, jikan wanda ya zauna a Sakkwato, idan zai nemi aikin gwamnati ko gurbin karatu sai ya tafi wata ƙaramar hukuma a Kudu, inda ba a san fuskarsa ba, ya karɓo takarda. Na rasa amsar da zan ba shi, domin wannan ba laifin Sakkwato kaɗai ba ne, haka tsarin yake a duk faɗin Najeriya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a garin da aka buɗe ɗaya daga cikin kwalejojin gwamnatin tarayya na farko a 1966 domin haɗa kan 'ya'yan ƙasa, garin da kuma yake karɓar 'yan bautar ƙasa a sansanin Wamakko duk shekara, mai shayi ɗan Nijar yakan fi ɗan Najeriya daga Anambra saurin narkewa cikin jama'a, saboda shi addini da harshe da sutura sun riga sun yi masa iso.

An ɗaura auren ranar Asabar da hantsi a ƙofar gida. Dangin ango sun iso tun da sassafe cikin motoci masu lambar Nijar, manyan riguna sun sha shuni da bugu, wasu da rawani har hanci. Waliyyin ango, wanda baffansa ne, ya nemi auren sau uku kamar yadda aka saba, waliyyin amarya ya ce ya bayar, liman ya tambayi sadaki, aka faɗa da naira aka ce lakadan. Wani daga bayan taro ya ɗaga murya ya ce da dai an biya da sefa da amarya ta fi riba, wurin ya kaure da dariya har da liman. Wasa ne, amma akwai ɗaci a cikinsa, domin duk wanda ya haura shekara arba'in a wurin ya san lokacin da mutanen Ƙonni suke rububin naira, yau kuwa jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, ta fi naira dubu nesa ba kusa ba. Aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino da alewa, maroƙi yana ta jero kirarin gidajen biyu, kuma na lura cewa da ya kai kakanni na uku sai sunayen garuruwan suka fara zama iri ɗaya.

Da daddare, bayan an ci tuwon shinkafa, aka shimfiɗa tabarmi a zaure aka kunna gawayi, hira kuwa ta juya zuwa siyasa kamar yadda takan yi. Wani matashi ɗan jami'a daga dangin amarya ne ya tayar da ƙura. Ya ce Najeriya ce uwa ma ba da mama a Afirka ta Yamma, ita take bai wa Nijar wutar lantarki, mutanen Nijar a asibitocinta da makarantunta suke, amma duk da haka sojojin Yamai suka fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso suna zargin Najeriya da zama 'yar koren Faransa. Baffan ango ya bar shi ya gama, ya gyara rawani, sannan ya ce, “Yaro, gaskiya ka hwaɗi, amma ba duka ba.” Ya ce yana saurayi a Legas lokacin da aka ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice a watan Janairun 1983, kuma ko da yake mutanen Gana aka fi ambato, shi ma a bayan tirela ya dawo gida. Ya ce a shekara ta gaba aka rufe iyakoki ana tsakiyar fari, hatsi ya daina shiga, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan lokaci suna El-Buhari. Ya lissafa rufewar watan Agustan 2019 wadda ba a buɗe Illela ba sai Disambar 2020, sannan ta 2023 bayan juyin mulkin da ya kifar da Bazoum, lokacin da aka yanke musu wuta, magani ya yi wuya, albasa ta ruɓe a cikin motoci a bakin iyaka. Matashin ya ce ai Gana ma ta kori 'yan Najeriya a 1969. Tsohon ya amsa cewa haka ne, kuma shi ya sa yake ganin kowace gwamnati idan tattalin arzikinta ya tsuke baƙo take fara nunawa da yatsa.

Mai masaukina, wanda ya yi shiru tun farko, shi ne ya faɗi abin da na fi riƙewa. Ya ce shi abin da ya sa ya ɗaga kai a matsayinsa na ɗan Najeriya a 2023 ba barazanar yaƙin da ECOWAS ta yi wa Nijar ba ce. Abin da ya faranta masa rai shi ne yadda majalisar dattawa ta ƙi amincewa da amfani da ƙarfin soja, yadda malamai da sarakuna suka tashi tsaye, da yadda Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya shiga tawagar Janar Abdussalami Abubakar zuwa Yamai neman sulhu. Ya ce ƙasar da jama'arta za su iya hana gwamnatinsu harbin maƙwabci ƙasa ce da ta cancanci a yi alfahari da ita. Ya ƙara da wani abu da ya dame shi a matsayinsa na uba: jikokin da za a haifa masa a Ƙonni 'yan Najeriya ne ta wajen uwa bisa sashe na 25 na tsarin mulki, amma sashe na 26 ya bai wa baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, bai bai wa baƙon da ya auri 'yar Najeriya irin wannan dama ba. Matashin bai sauka daga ra'ayinsa ba, tsohon ma haka, amma tare suka tashi suka bi liman sallar Asuba.

Akwai wata mata da na riƙa gani tana wanke-wanke a bakin rijiyar gidan, ba ta cika magana ba. Inna, mahaifiyar mai masaukina, ita ce ta gaya mini labarinta. Daga wani ƙauye take a ƙasar Sabon Birni, 'yan bindiga suka tashe su da dare, ita da 'ya'yanta suka bi jama'a da ƙafa suka tsallaka Nijar, suka zauna a wani ƙauye a yankin Gidan Runji ta jihar Maraɗi. Mutanen ƙauyen, waɗanda su ma ba wani abin kirki gare su ba, suka ba su ɗaki da mudun gero tun kafin hukumomin agaji su iso. Tun daga 2019 dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka bi wannan hanya. Gobirawa ne suka sauka a wajen Gobirawa, domin masarautar da Alƙalawa take hedikwatarta ta rabu ne tsakanin Tsibiri a can da Sabon Birni a nan. Na so a ce matashin nan na daren jiya ya zauna da matar ko na rabin sa'a. Ba ina nufin ya daina son ƙasarsa ba, ni ma ina son ta, amma ya kamata lissafinsa na wanda yake ciyar da wani ya haɗa da geron da ta ci a can.

Ranar Lahadi aka ɗauki amarya, na bi ayarin motocin da niyyar in tsaya a Illela tunda ranar kasuwa ce. Mun haye gulbin Rima, inda fadama take kore shar da albasa da shinkafar rani, muka wuce Kware muka isa Gwadabawa. Wannan gari ma na masu ƙaura ne, domin Muhammadu Maiturare, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi, shi ya kafa shi a ƙarshen ƙarni na 19, ya cika ƙasar da mutanen da suka gangaro daga Adar da sauran ƙasashen arewa. Iyakar da muke dosa kuwa ba a nan aka yanke ta ba. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa sun ɗauki Sakkwato a matsayin cibiya suka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da ita, daga baya Faransawa suka ga ba su da hanya mai rijiyoyi da za ta kai su Damagaram, aka sake zama a 1904 da 1906 aka turo layin kudu. Da ba a yi wannan gyara ba, da angon namu ɗan Najeriya ne. Ita Ƙonni ta riga ta ga abin da ya fi zanen taswira muni, domin a 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka mata ta karkashe jama'arta. Yau iyakar tana da tsawon kusan kilomita 1,500, ta shafi jihohin Najeriya bakwai daga Kebbi har Borno, amma a wannan yanki ta fi kama da dangar kara a tsakanin gidajen wa da ƙane, inda ake miƙa wuta da gishiri ta sama.

Kasuwar Illela sai wanda ya gani. Kara ta cika da raƙuma da shanu da manyan raguna uda da balami da aka koro daga arewa, dillalai suna riƙe da hannun mai saye a ƙarƙashin riga suna ciniki, mahauta da 'yan tireloli daga Kudu suna jiran a sallama su loda. Jajayen awakin nan da ake jeme fatarsu, waɗanda mu muke kira na Sakkwato, wani Ba'adare ya rantse mini na Maraɗi ne, kuma kowannenmu yana da gaskiya tunda iri ɗaya ne. Daga wancan gefe dabino da kanwa da wake suke shigowa, daga namu gero da masara da kayan roba da atamfa suke fita. 'Yan canji suna zaune da damin naira da sefa a kan tebur, suna lissafi da dala da jaka ba tare da sun taɓa na'ura ba. A cikin ɗan lokacin da na tsaya shan fura na ji Hausa iri uku, da Zabarmanci, da Buzanci, da Yarabanci. A bakin shingen ƙarshe muka yi sallama da 'yan kai amarya, Inna ta leƙo ta tagar mota ta ce in gaida mutanen Zazzau, motocin suka wuce.

A hanyar komawa na shiga motar haya, ba mu yi nisa ba aka tsayar da mu a wani shinge. Jami'in da ya leƙo matashi ne daga Kudu, da alama bai daɗe da zuwa yankin ba, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya nemi kowa ya nuna katin shaida. Na nuna nawa, wani saurayi ɗan Ƙonni da zai je sayen kayan waya a Sakkwato ya miƙa nasa na Nijar, jami'in ya duba ya mayar masa da ladabi. Sai aka zo kan wani tsoho mai zanen Gobirawa a kumatu, da akuya ɗaure a tsakanin ƙafafunsa, wanda ba shi da kati ko ɗaya. Jami'in ya yi tambaya da Turanci, tsohon bai ji ba, kafin in buɗe baki saurayin nan ɗan Ƙonni, wanda ya yi zaman Legas, ya shiga yi musu tafinta. Aka ce ya faɗi ƙauyensu da ƙaramar hukumarsu da sunan hakiminsu. Tsohon ya faɗi ƙauyen, ya ce ƙaramar hukumar Illela, ya ambaci hakimi mai ci, ya ƙara da wanda ya gabace shi da wanda ya gabaci wancan, sannan ya ce a gaya wa yaron ya jefa ƙuri'a tun zaɓen Shagari na 1979, kuma ɗansa soja ne yana Maiduguri. Saurayin ya juya maganar yadda ya iya. Jami'in ya yi murmushi, ya ƙame ya sara wa tsohon, ya ce a gaya wa Baba ya daure ya je ya yi katin ɗan ƙasa. Tsohon ya ce ya ji, in an sayar da akuyar zai duba, direba ya ja mota muka kama hanyar Gwadabawa.